Abin Kunya a Matsayin Haja: Tarihin Farautar Masu Kallo a Talbijin na Amurka da Birtaniya, 1955 zuwa 2023

1.0 Gabatarwa

Hajar da gidan talbijin na kasuwanci yake kai wa kasuwa ita ce idanun masu kallo, masu sayenta kuwa su ne kamfanonin da ke ba da talla. Shirin da aka watsa tarko ne kawai na tara waɗannan idanu wuri guda a lokaci guda. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda masu shirya shirye-shirye a Amurka da Birtaniya suka gano cewa abubuwa biyu sun fi komai saurin tara jama'a, wato abin kunyar da ya shafi wani shahararre da kuma tangarɗar da ta auku ana tsakar watsa shiri kai tsaye. Abin da ake nufi da “shahararre” a nan shi ne mutumin da jama'a suka san fuskarsa da sunansa ta kafar watsa labarai, ko da kuwa ba su san shi da wata sana'a ba. “Furodusa” kuwa shi ne wanda ke tsara shiri, ya zaɓi baƙi, ya kuma yanke shawarar abin da za a nuna da wanda za a yanke.

2.0 Ma'aunin Masu Kallo

Ba za a fahimci wannan tarihi ba sai an fara da ma'aunin da ake auna nasara da shi. Arthur C. Nielsen ya kafa kamfaninsa na binciken kasuwa a Shikago a shekarar 1923, ya fara auna masu sauraron rediyo, sa'an nan a 1950 ya shiga auna masu kallon talbijin. Ana zaɓar wasu gidaje ƙalilan su wakilci ƙasa baki ɗaya, a maƙala wa akwatinsu na'urar da ke nuna tashar da aka kama. Maki ɗaya a wannan ma'auni yana daidai da kashi ɗaya cikin ɗari na gidajen da ke da talbijin. Bugu da ƙari, shekaru da dama an riƙa raba wa gidaje littattafan da za su rubuta abin da suka kalla a watannin Fabrairu, Mayu, Yuli da Nuwamba, kuma da sakamakon waɗannan watanni ne ƙananan tashoshi suke yanka farashin talla. Saboda haka duk wanda ya duba tarihin shirye-shiryen da suka tayar da ƙura a Amurka zai tarar da yawa daga cikinsu sun faɗo ne a watannin awo, kuma ruwa ba ya tsami banza.

3.0 Gasar Kacici-kacici, 1955 zuwa 1960

A ranar 7 ga Yuni 1955 tashar CBS ta fara watsa gasar tambayoyi mai suna The $64,000 Question, wadda kamfanin kayan kwalliya na Revlon ya ɗauki nauyinta. A kakar farko ta zama shirin da aka fi kallo a ƙasar, cinikin Revlon kuma ya bunƙasa. A wancan zamani kamfani guda ne ke ɗaukar nauyin shiri ɗungurungum, don haka yana da ta cewa a kan wanda ya kamata ya ci gaba da fitowa da wanda ya kamata a sallama. Sauran tashoshi ba su ɓata lokaci ba wajen kwaikwayo. A watan Satumba 1956 NBC ta ɓullo da Twenty-One, wanda Jack Barry ke gabatarwa, Dan Enright kuma yake shiryawa, da kuɗin kamfanin da ke yin maganin ƙarin jini na Geritol.

Fitowar farko ta shirin an yi ta ne bisa gaskiya, kuma ba ta yi armashi ba, domin 'yan takarar biyu sun yi ta faɗuwa tambayoyi. Enright da kansa ya bayyana daga baya cewa mai ɗaukar nauyi ya nuna ɓacin ransa washegari, kuma daga nan ne aka fara tsara sakamakon tun kafin a shiga ɗakin watsawa. Abin lura a nan shi ne irin zurfin tsarin. Herbert Stempel, tsohon soja kuma ɗalibi a wata kwaleji ta birnin Niyok, mutum ne mai kaifin hadda wanda zai iya amsa tambayoyi da yawa da kansa. Duk da haka an ba shi amsoshi, an umarce shi ya yi askin soja, ya sa tsohuwar kwat wadda ba ta yi masa daidai ba. An koya masa inda zai yi jim, inda zai ciji leɓe, da yadda zai dafa gumi da hankici. Ana rufe 'yan takara cikin wani ɗan keji na gilashi wanda sauti ba ya ratsawa, kuma akan kashe na'urar sanyaya kejin domin zufa ta karyo musu a gaban kyamara. Wato fargabar da miliyoyin mutane suke kallo suna riƙe numfashi, an rubuta ta ne kamar yadda ake rubuta wasan kwaikwayo.

Da farin jinin Stempel ya fara raguwa, sai aka nemo wanda zai kayar da shi. Charles Van Doren malamin Ingilishi ne a Jami'ar Kolombiya, ɗan gidan masana, mahaifinsa Mark Van Doren marubuci ne da ya ci lambar Pulitzer. A daren 5 ga Disamba 1956 aka tambayi Stempel fim ɗin da ya ci lambar Oscar ta shekarar 1955. Amsar ita ce Marty, fim ɗin da ya kalla har sau uku yake kuma ƙauna, amma aka umarce shi ya ambaci wani daban, ya kuwa bi umarni. Van Doren ya ci gaba da lashe gasar har zuwa Maris 1957, ya tashi da dala 129,000, mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta a watan Fabrairu na wannan shekara, NBC kuma ta ɗauke shi aiki a kan dala 50,000 a shekara. Iyaye suka riƙa nuna wa 'ya'yansu shi a matsayin shaidar cewa karatu yana da riba.

Stempel ya kai ƙorafi ga 'yan jarida, amma ba a saurare shi ba, ana ganin hassada ce ta wanda aka kayar. Asiri ya tonu ne ta wata kafa daban. A watan Mayu 1958 wani ɗan takara da ke jiran layi a gasar Dotto ya tsinci littafin wata 'yar takara ɗauke da amsoshin da take bayarwa a daidai lokacin. Aka soke shirin a watan Agusta, babban mai gabatar da ƙara na Manhattan, Frank Hogan, ya buɗe bincike. Kimanin mutum 150 suka ba da shaida bisa rantsuwa, masu binciken kuma suka ƙiyasta cewa kusan 100 daga cikinsu ƙarya suka yi. Alƙali ya hana a fitar da rahoton, abin da ya sa wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Oren Harris ya karɓi maganar a 1959. Hujjar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga wani tsohon ɗan takara, James Snodgrass, wanda ya riƙa rubuta tambayoyi da amsoshin da aka ba shi, ya aika wa kansa ta gidan waya cikin wasiƙu masu rajista kafin ranar watsa shirin. Hatimin gidan waya ya zama shaidar da ba ta musantuwa. A ranar 2 ga Nuwamba 1959 Van Doren ya amsa laifinsa a gaban kwamitin. Kwana biyu kafin nan ne, wato 31 ga Oktoba, aka buɗe tashar WNTV a Ibadan, don haka talbijin ya iso Nijeriya a makon da ƙasar da ta fi kowa rungumarsa take tuhumar gaskiyarsa.

Sakamakon wannan badaƙala ya cancanci a tsaya a kansa. A 1960 majalisa ta gyara dokar sadarwa ta yadda maguɗi a gasar ilimi ko ta basira ya zama laifi. Ba wanda aka ɗaure saboda maguɗin kansa, domin a lokacin da aka yi shi babu dokar da ta hana; waɗanda aka hukunta, ciki har da Van Doren, an kama su ne da rantsuwa kan ƙarya, kuma aka jingine hukuncin nasu. Van Doren ya rasa aikinsa a NBC da jami'a, ya ƙare rayuwarsa ta aiki a kamfanin Encyclopaedia Britannica. Barry da Enright kuwa sun yi 'yan shekaru a gefe, sa'an nan suka dawo da sababbin gasanni a shekarun 1970 suka sake yin arziki. Manyan tashoshin sun ma fi kowa cin riba, domin sun fake da badaƙalar suka karɓe ikon shirye-shirye daga hannun kamfani guda, suka koma sayar da gajerun guraben talla ga kamfanoni da yawa. Daga nan alƙaluman Nielsen suka zama alƙali na ƙarshe a kan kowane shiri. Dokar 1960 kuma ta taƙaita ne ga sakamakon gasa. Ba ta ce komai ba game da haɗa mutane faɗa, ko kunyata baƙo, ko zaɓar ɓangaren da za a nuna, kuma ta waɗannan kafofi ne sana'ar ta ci gaba.

4.0 Tangarɗa a Matsayin Shiri

Darajar watsa shiri kai tsaye tana cikin alkawarin da yake ɗauke da shi cewa komai na iya faruwa, kuma ba wanda zai iya gyarawa. Mai kallo yakan ɗauki tuntuɓen harshe ko faɗuwar mai gabatarwa a matsayin lokaci guda da ya ga gaskiya ba tare da ado ba. Tun a shekarun 1950 wani furodusa mai suna Kermit Schafer ya riƙa tattara irin waɗannan kurakurai na rediyo da talbijin yana sayarwa a faifan garmaho, kuma inda bai sami ainihin sautin ba sai ya ɗauko 'yan wasa su sake yin kuskuren. A Birtaniya tashar ITV ta fara It'll Be Alright on the Night a 1977, a Amurka kuma NBC ta fara irin nasa a 1984. Kayan da a da ake zubarwa a kwandon shara na ɗakin tacewa suka zama shiri mai arha da farin jini.

Geraldo Rivera ne ya nuna cewa ko rashin abin nunawa yana iya zama haja. A ranar 21 ga Afrilu 1986 ya jagoranci wani shiri na sa'o'i biyu kai tsaye daga tsohon otal ɗin Lexington a Shikago, inda aka yi alkawarin fasa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa da aka danganta da ɗan ta'addan nan Al Capone. An kawo likitan gawa saboda tsammanin ƙasusuwa, da jami'an haraji saboda tsammanin kuɗi. Da aka fasa, ba a tarar da komai ba sai ƙasa da 'yan kwalabe marasa komai. Mutum kusan miliyan 30 suka kalla, kuma a shekarar da ta biyo Rivera ya sami shirinsa na kansa. A watan Nuwamba 1988 ya haɗa masu aƙidar fifita farar fata da wani ɗan gwagwarmaya baƙar fata a dandali guda, faɗa ya kaure, aka jefi Rivera da kujera hancinsa ya karye. Wannan shiri naɗarsa aka yi, saboda haka akwai kwanaki na yin shawara kafin a watsa shi. An watsa shi da faɗan a ciki, cikin watan awo.

5.0 Shekarun 1994 da 1995

A cikin waɗannan shekaru biyu ne abin kunyar shahararru ya tashi daga shirye-shiryen gulma irin su A Current Affair da Hard Copy ya mamaye manyan labarai. A watan Janairu 1994 aka kai wa 'yar wasan zamiya kan ƙanƙara Nancy Kerrigan hari, bincike kuma ya kai ga tsohon mijin abokiyar hamayyarta Tonya Harding. Da matan biyu suka haɗu a gasar Olamfik ta Lillehammer a ƙasar Nowe ranar 23 ga Fabrairu, CBS ta riƙe hoton har zuwa dare, lokacin da talla ta fi tsada, ta kuma sami maki 48.5.

Wata huɗu bayan haka, ranar 17 ga Yuni, kimanin mutum miliyan 95 suka kalli 'yan sandan Los Anjalis suna bin wata farar mota ƙirar Ford Bronco a hankali, ɗauke da O. J. Simpson, tsohon gwanin ƙwallon Amurka da ake nema bisa zargin kisan tsohuwar matarsa da wani abokinta. NBC ta raba fuskar akwati biyu, gefe guda wasan ƙarshe na ƙwallon kwando, gefe guda motar. Mai shari'a Lance Ito ya yarda a sa kyamara a kotu, tashoshin Court TV da CNN suka riƙa watsa zaman daga Janairu zuwa 3 ga Oktoba 1995, ranar da aka wanke Simpson. Ta fuskar kasuwanci, shari'ar ta ba da abin da furodusa ke mafarki: sa'o'i ɗaruruwa na shiri ba tare da biyan marubuci ko ɗan wasa ba. Lauyoyi da shaidu suka zama taurari, shirye-shiryen barkwanci na dare suka mai da alƙalin abin dariya, mutum biyun da aka kashe kuwa suka koma gefen labari.

Ana iya zaton cewa neman talla ne kaɗai ke haddasa wannan ɗabi'a, amma misalin BBC ya raunana wannan zato, tun da ita da kuɗin lasisi take gudana a cikin Birtaniya. A ranar 20 ga Nuwamba 1995 shirin Panorama ya watsa hirar Martin Bashir da Gimbiya Diana, inda ta yi magana a kan rugujewar aurenta da Yarima Charles, mutum kusan miliyan 23 suka kalla. An naɗi hirar a asirce, har shugaban hukumar gudanarwar BBC, Marmaduke Hussey, ba a sanar da shi ba sai da aka gama. Tun a 1996 aka san cewa Bashir ya sa wani mai zane ya ƙera takardun banki na jabu, amma binciken cikin gida ya wanke shi, mai zanen da ya fallasa maganar ne aka daina ba shi aiki. Sai a watan Mayu 2021 rahoton Lord Dyson ya tabbatar da cewa an nuna wa ɗan'uwan gimbiyar, Earl Spencer, waɗannan takardu domin a sami hanyar isa gare ta, kuma BBC ta rufe gaskiyar. A 2022 hukumar ta yi alkawarin ba za ta sake nuna hirar ba. Tasha mai cin kuɗin jama'a ita ma tana bukatar yawan masu kallo domin ta kare haƙƙinta na karɓar kuɗin, kuma wannan bukata ta yi aikin da talla ke yi a wani wuri.

6.0 Wanda Ya Biya da Wanda Ya Ci Riba

A ranar 1 ga Fabrairu 2004, lokacin hutun rabin lokaci na wasan Super Bowl a Houston, mawaƙi Justin Timberlake ya fizge wani ɓangare na rigar Janet Jackson, ƙirjinta ya bayyana na ƙasa da daƙiƙa guda. MTV ce ta shirya wasan, CBS ta watsa, dukkansu kuwa a lokacin mallakar kamfanin Viacom ne, kuma duka sun ce ba su da masaniya. Hukumar sadarwa ta FCC ta karɓi ƙorafi sama da 500,000, ta ci CBS tarar dala 550,000, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke tarar a 2008, ta sake sokewa a 2011. Tashoshin labarai da suka yi ta Allah wadai da abin sun yi ta maimaita hoton, an ɗan dusashe shi, har tsawon makonni. Mako guda bayan aukuwar abin Timberlake ya halarci bikin Grammy ya karɓi lambobi, Jackson kuwa ba ta halarta ba, kuma waƙoƙinta suka ja baya a tashoshi da yawa. Daga wannan lokaci ne jinkirta hoton shirin kai tsaye ya zama al'ada a manyan bukukuwa, ta yadda akwai mai yatsa a kan maɓalli yana zaɓar tangarɗar da za ta wuce.

A Birtaniya, Celebrity Big Brother na Janairu 2007 ya yi fama da raguwar masu kallo, har sai da Jade Goody da wasu mata biyu suka dinga cin zarafin 'yar fim ɗin Indiya Shilpa Shetty da kalaman da jama'a suka ɗauka na wariyar launin fata ne. Masu kallo suka ƙaru sosai, hukumar Ofcom ta karɓi ƙorafi sama da 44,000, kamfanin Carphone Warehouse ya janye tallafinsa, har Gordon Brown, wanda ke ziyara a Indiya a matsayin ministan kuɗi, ya sha tambayoyi a kai. A watan Mayu Ofcom ta yanke cewa Channel 4 ta saɓa ƙa'ida. Wannan tsari na kulle baƙi a gida guda ana jiran su saɓa, wanda John de Mol ya ƙirƙiro a Holan a 1999, shi ne ya iso Afirka a 2001, Nijeriya kuma ta sami nata a 2006.

Misali na ƙarshe ya nuna yadda ribar take ƙaura daga hannu zuwa hannu. Bikin Oscar, wanda sama da mutum miliyan 55 suka kalla a Amurka a 1998, ya faɗo zuwa kusan miliyan 10 a 2021. A daren 27 ga Maris 2022 Will Smith ya hau dandali ya mari Chris Rock saboda ba'ar da ya yi wa matarsa. ABC ta kashe sautin zagin da ya biyo baya, amma tashoshin Japan da Ostareliya sun watsa shi yadda yake, kuma cikin mintuna hoton nasu ya zagaya duniya ta intanet. Masu bikin sun bar Smith a kujerarsa har ya karɓi lambar gwarzon ɗan wasa a wannan dare, daga baya suka hana shi halartar bikin na shekara 10. Rock ya ƙi yin doguwar magana a kan marin har kusan shekara guda. Ya yi ta ne ranar 4 ga Maris 2023, mako guda kafin bikin Oscar na gaba, a shirin farko da kamfanin Netflix ya taɓa watsawa kai tsaye ga duniya baki ɗaya.